Mahaifiyata ta hana ni bishara a makaranta: na yi musun Almasihu ke nan?

Mama, ina gaisuwa da fatan alheri. Ni yarinya ce 'yar shekara 16, ina aji biyar a wata makarantar sakandare ta jeka-ka-dawo a cikin garin Sakkwato, kuma mu Kirista a ajinmu ba mu kai goma ba. A hutun da ya wuce na halarci taron matasan ikilisiyarmu, inda baƙon mai wa'azi ya ce duk wanda zangon karatu ya ƙare bai kawo ko mutum ɗaya wurin Almasihu ba, to ya binciki bangaskiyarsa. Da muka dawo, ni da ƙawayena muka shirya za mu riƙa koya wa ɗalibai lissafi, mu riƙa saya wa marasa hali magani da audugar mata, domin idan sun saba da mu mu sami ƙofar yi musu bishara, kuma mu riƙa tura ayoyi a zauren WhatsApp na ajinmu. Mahaifiyata ta ga takardun bishara a jakata, ta kwashe su tana kuka, ta ce ban da maganar addini a makaranta muddin tana raye. Ga kuma wata ƙawata Musulma da muke zama benci ɗaya, mai yawan yi mini tambayoyi, har ta ce in ara mata Littafi Mai Tsarki ta duba ba tare da an sani a gidansu ba. Idan na bi maganar mahaifiyata sai in ji kamar na zama Bitrus, idan kuma na ƙi bi na saɓa wa uwa. Ina mafita?

Ɗiyata, zan fara da abin da ya fi ci miki rai: ba ki yi musun Almasihu ba. Ki koma Luka sura 22 ki duba abin da Bitrus ya yi. Yana zaune yana jin ɗumin wuta a gidan babban firist, aka nuna shi har sau uku, da fari ma wata baranya ce, ana cewa shi ma yana tare da Yesu, kowane karo kuwa ya musa. Abin da ake kira musu ke nan, a tambaye ki ko ke ta Yesu ce ki ce a'a. Mahaifiyarki ba ta ce ki sauya suna ba, ba ta ce ki ɓoye inda kike zuwa ranar Lahadi ba, ba ta ce ki yi ƙarya idan an tambaye ki ba. Ta hana wata hanya ce guda ɗaya ta yin shaida, ta kuma hana ta cikin kuka, kuma maganar da uwa ta yi cikin kuka akan iya komawa kanta daga baya idan hankali ya kwanta. Ubangijin da kike tsoron saɓa wa shi kansa, yana ɗan shekara 12, bayan malamai sun yi mamakin fahimtarsa a Haikali, ya bi Maryamu da Yusufu zuwa Nazarat yana yi musu biyayya, bai fara aikinsa a fili ba sai da ya kai wajen shekara 30.

Tsoron mahaifiyarki kuwa ba na banza ba ne, kuma ba zan yi miki kwana-kwana a kansa ba. Ranar 12 ga Mayu, 2022, wani gungun ɗalibai ya kashe wata ɗaliba Kirista, Deborah Samuel, a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da ke Sakkwato bisa zargin ɓatanci, zargin da ya taso daga saƙon murya a zauren WhatsApp na ajinsu. Bayan kwana biyu gari ya rikice, har gwamnan lokacin, Aminu Waziri Tambuwal, ya kafa dokar hana fita ta awa 24. Majalisar Sarkin Musulmi ta yi tir da kisan, haka ma Bishop Matthew Hassan Kukah na Katolika. A watan Yunin 2023 kuma aka kashe wani mahauci a mayankar garin nan bisa irin wannan zargi, shi kuwa Musulmi ne. Laifin waɗannan kashe-kashe yana wuyan waɗanda suka ɗauki dutse, ba ya wuyan waɗanda aka kashe, kuma taka-tsantsan da zan ba ki shawararsa ba ya rage musu ko ƙwayar zarra na laifin. Sashe na 38 na kundin tsarin mulkin ƙasa na 1999 ya ba kowa 'yancin riƙe addininsa da bayyana shi da yaɗa shi. Sai dai uwar da ta kwana a Sakkwato a wancan mako ta san cewa taron da ya fusata ba ya tsayawa a karanta masa sashen doka, kuma a lokacin da ta ga takardun nan a jakarki, abin da ya faɗo mata a rai ke nan.

Yanzu ki buɗe Ayyukan Manzanni sura 19, domin a ganina babu wurin da ya yi kusa da halin da kike ciki kamarsa, kuma ba a cika karanta shi a tarukan matasa ba. Bulus ya yi fiye da shekara biyu yana koyarwa a Afisa, birnin da mutanensa ke tinƙaho da haikalin gunkiyarsu Artimis, har labarin Yesu ya bazu a lardin duka. Da maƙeran azurfa masu ƙera siffofin haikalin suka ga cinikinsu na neman faɗuwa, sai suka tayar da gari, aka cika dandali ana ihu wajen awa biyu. Abu biyu nake so ki lura da su. Na farko, Bulus ya so ya kutsa cikin taron, amma almajirai suka hana shi, wasu manyan lardin da ke abota da shi ma suka aiko masa kada ya shiga, kuma bai shiga ba. Babu inda Littafi ya kira wannan tsoro ko musu. Na biyu, da magatakardan gari ya tashi kwantar da tarzomar, hujjar da ya kafa ita ce mutanen nan ba su yi sata a haikali ba, ba su kuma zagi abin bautar mutanen garin ba. Mutumin da ba mai bi ba ne ya yi wannan shaida a gaban taron da ke neman jini, kuma ba a ƙaryata shi ba. Ashe ana iya shekara biyu ana faɗin abin da aka gaskata a fili, ba tare da an ambaci abin da wani ke ɗaukaka da baƙar magana ba. Ina so ya zama idan wata rana aka taso da magana a kanki, ƙawayenki Musulmi da malaman makarantarku su iya yi miki irin wannan shaida ba tare da sun yi ƙarya ba.

Sai batun shirin da kuka yi ke da ƙawayenki, wanda a gaskiya ya fi takardun bishara damuna. Koyar da lissafi abu ne mai kyau, sayen magani da audugar mata ma haka, amma kin faɗi dalilinku da bakinki: domin idan sun saba da ku ku sami ƙofa. Taimako irin wannan bai bambanta da abincin da masunci ke maƙalawa a bakin fatsa ba, kuma 'yan ajinku ba yara ba ne, za su gane kafin zango ya raba. Ranar da yarinya ta fahimci cewa audugar da kika ba ta tana da sharaɗin da ba a faɗa mata ba, ta daina yarda da ke, ta kuma daina yarda da alherin duk wani Kirista da za ta haɗu da shi nan gaba. Wannan zargi ya daɗe a ƙasar nan. Tun a shekarun 1930, lokacin da mishan na SIM ya karɓi aikin jinyar kutare a Amanawa, kudu da birnin nan, mutane sun sami magani da kulawar da ba su samu a wani wuri ba, amma tambayar ko maganin hanya ce ta raba mutum da addininsa ba ta taɓa barin zukata ba. Kada ku zama masu tabbatar wa mutane abin da suka daɗe suna zargi.

A Luka sura 17 Yesu ya warkar da kutare goma, ɗaya tak ya dawo ya yi godiya. Ya tambayi ina tara, amma bai karɓe lafiyar da ya ba su ba, kuma bai sa musu sharaɗin dawowa kafin ya warkar da su ba. Ma'aunin da zan ba ki shi ne wannan: kafin ki yi wa wata alheri, ki tambayi kanki ko za ki yi shi da a ce kin tabbata har abada ba za ta saurari kalma ɗaya ta bishara daga bakinki ba. Idan amsar e ce, ki yi. Idan a'a ce, ki dakata ki yi addu'a a kan zuciyarki tukuna.

Hidimar da ta dace da ɗalibar aji biyar ma ba ta cika buƙatar kuɗi ko kwamiti ba. Yarinya ta tashi daga benci bayan darasi, ke da kike bayanta kin ga siket ɗinta ya ɓaci. Ki taɓa kafaɗarta ki ce ta zauna tukuna, ki miƙa mata rigar sanyinki ta ɗaura a ƙugu, ki raka ta bayi kina tafiya a bayanta, kuma maganar ta mutu a nan, ko ƙawayenki na zumunta kada su ji. Wata ta kwanta zazzaɓin cizon sauro mako guda ana gab da jarrabawa. Ki kwafar mata darasin da ya wuce ta da rubutu mai kyau, ki zauna da ita ki warware mata abin da ya shige mata duhu. A watan Afrilu, lokacin da zafin garin nan kan haura digiri 40, ruwan gorarki ya zama na benci duka. Idan azumi ya zo, kada ki buɗe abinci ko ki ɗaga gora a gaban masu azumi, kuma ranar da shara ta faɗo kan wadda ƙishi ya galabaitar, ki karɓi tsintsiyar ba tare da dogon bayani ba. Ban da ɗaukar hoto, ban da ba da labarin wadda aka taimaka a taron matasa da sunan shaida, domin Matiyu sura 6 ta ce kada hannun hagu ya san abin da na dama ke yi, kuma talaucin yarinya sirrinta ne. Ki haɗa da riƙe karatunki da kyau da ƙin satar amsa ko da kowa na yi. Daniyel ma yaro ne da aka sa a makarantar Babila shekara uku cikin mutanen da ba addininsu ɗaya ba, kuma abin da ya fara fito da shi shi ne ya nemi izini cikin ladabi a kan abin da lamirinsa bai yarda da shi ba, sannan ya fi kowa a karatu.

Wannan ba ya nufin ki rufe baki. Wasiƙar Bitrus ta fari, sura 3, aya 15 da 16, ta ce mu kasance a shirye kullum mu ba da amsa ga duk wanda ya tambaye mu dalilin begen da ke cikinmu, amma da tawali'u da girmamawa. Tambaya ce ke gaba, amsa ta biyo baya, kuma wanda ya yi zaman alheri a cikin mutane ba ya rasa masu tambayarsa. Idan aka tambaye ki me ya sa kike Kirista, ki faɗi abin da kika gaskata game da Yesu da abin da ya yi miki, a taƙaice, da muryar hira. Kada ki yi kamar babu bambanci, domin akwai: Musulmi suna girmama Annabi Isa da mahaifiyarsa, har akwai sura sukutum a Alƙur'ani mai sunan Maryam, amma ba su yarda an gicciye shi ba, ba su kuma yarda a kira shi Ɗan Allah ba, alhali a kan waɗannan biyu bangaskiyarmu ta tsaya. Kina iya faɗin haka ba tare da kin ce wa kowa ya ɓata ba. Abin da ba ki sani ba ki ce ba ki sani ba, za ki tambayo. Kada kuma ki ɗauko ayar Alƙur'ani ko hadisi da kika tsinta a intanet ki ce za ki kafa hujja da su, domin ba fagenki ba ne, kuma kuskuren lafazi ɗaya ya isa a juya maganar.

Akwai tambaya ɗaya da nake so ki shirya amsarta tun yanzu, ki maimaita ta har ta zauna miki a baki, ita ce idan aka ce, to ke me kika ce game da Annabinmu? Wani da zuciya ɗaya yake tambaya, wani kuwa rami yake haƙa miki, kuma ba kullum za ki iya bambance su ba, saboda haka amsar ɗaya ce ga kowa: "Ni Kirista ce, abin da aka koya mini game da Yesu shi na sani. Na san matsayin Annabi a wurinku, ina kuma girmama ku, ba zan sa baki a abin da malamanku suka fi ni sani ba." Daga nan ki yi shiru, ko an matsa ki sake faɗin haka, idan kuma kin ga mutane sun fara taruwa ko murya ta fara tashi, ki tashi ki nufi ofishin malamai. Haka nan idan ƙawa ta gayyace ki zuwa Musulunci, kada ki ɗauke shi cin fuska. Abin da take ganin alheri ne take so miki, kamar yadda ke ma kike so mata. Ki yi mata godiya, ki ce kina nan a kan bangaskiyarki.

Zauren WhatsApp na aji kuwa, a nan ina bayan mahaifiyarki gaba ɗaya. An buɗe shi ne domin jadawali da aikin gida, a bar shi a haka. Kada ki tura aya, kada ki mayar da martani idan wasu sun tura nasu, kada ki yi saƙon murya cikin fushi a kan kowace magana. Maganar da kika yi da ƙawarki a benci tana tare da fuskarki da muryarki da sanin da ta yi miki, amma saƙon waya ana yanke shi a tura wa wanda bai taɓa ganinki ba, ya saurare shi a cikin taro yana riga ya fusata.

Na zo kan ƙawarki mai son aron Littafi Mai Tsarki, kuma na san amsata ba za ta yi wa wasu masu karatu daɗi ba. Kada ki ba ta shi a ɓoye. Yarinya ce kamarki, tana ƙarƙashin iyayenta, kuma idan aka tsinci littafin a jakarta ita ce za ta fara ɗanɗana abin da zai biyo baya, wataƙila duka, wataƙila a cire ta daga makaranta, kafin a zo kanki da gidanku da sauran Kirista 'yan ajinku da ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Ki juya lamarin ki gani: da wata ce ke ba ki littattafan addininta a asirce tana cewa kada mahaifiyarki ta sani, me za ki kira wannan? Sashen dokar da na ambata ɗazu ma, da ya zo kan ɗalibi da koyarwar addini a makaranta, ya ambaci amincewar iyaye ko mai riƙo. Ki gaya mata gaskiya cewa kina ƙaunarta, ba za ki ƙi amsa tambayarta ba, amma ba za ki yi abin da zai jefa ta cikin wahala a bayan idon iyayenta ba. Kada kuma ki kai labarinta wurin ƙawayenki ko taron addu'a da sunanta, domin magana idan ta fita ba ki san kunnen da za ta faɗa ba. Idan neman sani ne kawai, amsoshinki sun ishe ta. Idan kuwa abin ya fi haka zurfi, shekaru kaɗan suka rage ta zama mai hukunta wa kanta, Littafin kuma ba ɓoyayye ba ne, tun 1932 yake a cikin harshen Hausa.

Game da baƙon mai wa'azi, ba na shakkar niyyarsa, amma maganarsa ba ta da tushe a Littafi, kuma bai kamata a ɗora wa yara 'yan shekara 16 adadin rayukan da za su kawo a zango ba, balle a garin da shi zai hau mota ya bari bayan taro. Bulus ya gaya wa Korintiyawa cewa shi ya shuka, Afolos ya yi ban ruwa, amma Allah ne ya sa girma. Juyar da zuciya ba aikinki ba ne, saboda haka ba a auna bangaskiyarki da shi. Ya kamata fastonku ya ji abin da aka faɗa a taron nan da shirin da kuka yi a kansa, domin ba ke kaɗai kika dawo da wannan nauyi ba, kuma wata a cikin ƙawayenki tana iya yin gaban kanta.

Idan akwai zumuntar ɗalibai Kirista a makarantarku, irin FCS da aka kafa a Gindiri a 1957, ku yi taronku da sanin shugaban makaranta, a wurin da aka ba ku da lokacin da aka ba ku, tare da malamin da ke kula da ku. A can ne wurin ayoyi da waƙa da ƙarfafa juna, kuma kada ki raina hidima ga 'yan aji ɗaya da aji biyu Kirista da suka shigo a tsorace ba su san kowa ba. Idan babu irin wannan izini, ku yi zumuntarku a coci, kada ku yi ta a ɓoye a bayan aji. Aikin taimakon kuma ku buɗe shi ga kowa: darasin lissafin ya zama da sanin malamin aji, ku jawo ƙawayenku Musulmi masu ƙoƙari su koyar tare da ku, ko da 'yan ƙungiyar ɗalibai Musulmi ne, yadda babu wanda zai ce na wani ɓangare ne.

Mahaifiyarki kuma ki same ta ranar da take cikin natsuwa, ba da Littafi a hannu kina kafa mata hujja ba. Ki fara da ba ta haƙuri a kan takardun da kika sa a jaka ba da saninta ba. Ki gaya mata dalla-dalla abin da kika ɗauki alkawarin bari, wato rabon takardu da tura saƙon addini a waya da jayayya, sannan ki roƙe ta abu ɗaya, ta yarda idan an tambaye ki game da bangaskiyarki ki amsa cikin ladabi, ki kuma faɗa mata amsar da kika shirya wa tambayar nan mai haɗari domin ta ji da kunnenta. Idan ta ce a'a, kada ki ja; ki nemi fasto ko wata dattijuwa a zumuntar mata da take jin maganarta su zauna da ku, kafin nan kuma ki bi abin da ta ce.